Idan an tura ka ka taimaka a kafa majalisar tsangaya, ga ta inda za ka fara

Ran nan bayan isha'i wani ƙanina da muke layi ɗaya a Agege ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce Yaya, magatakardan jami'armu ya tura ni sabuwar tsangaya wai in taimaka wa Din, wato shugaban tsangayar, a kafa majalisa kafin zaman sanat ɗin jami'a mai zuwa, ni kuma wallahi ban san kai ba ban san gindi ba. Na ce samu waje ka zauna. Abin da na faɗa masa shi ne zan rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne, tun 2022 da gwamnatin Legas ta mayar da kwalejin fasaha ta Ikorodu jami'a, ta kuma haɗe kwalejojin ilimi na Ijanikin da Epe suka zama jami'a guda, ga kuma jami'o'in kuɗi, ma'aikatan ofis da yawa irin wannan aikin ya faɗo musu a ka ba shiri.

Kafin komai nemo dokar da ta kafa jami'arku ka karanta da idonka. Kar ka yarda da "ai haka muka saba yi", kowane malami daga tsohuwar jami'arsa ya zo da nasa sabon, wanda ya taso daga Akoka zai ce kaza wanda ya zo daga Zariya ya ce a'a, kai kuma takarda ce kawai za ta raba maka gardama. A ciki za ka ga matsayin kowa. Majalisar gudanarwa ita ke da kuɗi da dukiya da ɗaukar ma'aikata, sanat ke da karatu da jarrabawa da ba da digiri, ita kuwa majalisar tsangaya a ƙarƙashin sanat take, shawara take kaiwa sama. Toh ka riƙe wannan, don ranar da wani zai miƙe ya ce a yanke hukunci kan gyaran gini ko alawus, kai ne za ka raɗa wa Din cewa ranka ya daɗe wannan ba hurumin nan ba ne, sai dai a rubuta a tura.

Sai jerin mambobi, kuma a nan ne aikin yake gaskiya. Je ofishin kula da ma'aikata ka karɓo sunayen malaman tsangayar duka da muƙaminsu da ranar da aka ba kowa, sannan ka zauna da doka a gefe ka tantance waye mamba waye ba mamba ba. Akwai wanda ya tafi hutun ƙaro karatu, akwai mai hutun shekara na bincike, akwai malamin aro da ke zuwa daga wata jami'a, akwai wakilan wasu tsangayoyi da ɗalibanku ke ɗaukar kwas a wajensu, da wakilin laburare in dokarku ta ce haka. A jami'o'i da dama ma shi kansa shugaban jami'a mamba ne ko da ba ya zuwa, saboda haka takardar gayyata sai ta je ofishinsa. Farfesoshi kuma ka jera su bisa wanda ya riga wani samun kujera, ka rubuta suna daidai, sunayen Yarbawa da na Ibo ka tambaya in ba ka da tabbas, ba abin kunya ba ne. Na taɓa ganin zaman da aka kwashe awa huɗu ana duba sakamakon ɗalibai, washegari wata malama ta rubuto cewa ita mamba ce kuma ba a gayyace ta ba, aka duba aka ga gaskiyarta, dole aka sake zaman daga farko, yara suka ƙara sati biyu suna jiran sakamako. Abin ya daɗe yana damuna saboda layi ɗaya ne kawai ya faɗi a jerin suna.

Daga jerin nan ne za ka fitar da adadin mutanen da sai sun cika zama zai halatta. A dokokin wasu jami'o'in tarayya mutum 8 ne ko kashi ɗaya cikin huɗu na mambobi, duk wanda ya fi yawa, kenan in kuna da mamba 60 sai 15 sun zauna. Duba taku me ta ce. Ka ajiye takardar sa hannu a bakin ƙofa, ka ƙirga da kanka kafin ka ce wa Din a buɗe.

Lokacin mitin kuma ka tuna a Legas kake. Wani daga Ikorodu zai taso wani daga Ajah, in ka sa ƙarfe 8 na safe rabinsu suna cikin gosulo a kan gada, ƙarfe 10 zuwa 11 ya fi, kuma kar ka sa ranar Juma'a da rana, in wani ya kawo shawarar haka ka yi magana cikin ladabi, za su ji. Gayyata ta fita kamar sati guda kafin ranar tare da ajanda da duk takardun da za a duba. Guruf na WhatsApp na tunatarwa ne kawai, gayyata ta gaskiya ita ce mai lamba da kwanan wata da sa hannu. Ka leƙa ɗakin tun ana gobe mitin, kujeru, fanka, man janareta, ruwan sha.

Zaman farko kar a cika masa kaya. A amince da ƙa'idojin zama, a tsayar da ranakun mitin na shekara, a kafa kwamitoci. Ni a ganina uku ko huɗu sun isa a fara, na jarrabawa, na manhaja, na karatun gaba da digiri in kuna yi, sai na tantance malamai don ƙarin girma. Na manhajar nan ka ba shi muhimmanci, don tun da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta fito da sabon tsarinta na manhaja a ƙarshen 2022, kashi 70 daga wajenta yake kashi 30 jami'a ce ke tsara nata, kuma daga sassa ake faro shi ya biyo ta tsangaya kafin ya kai sanat. Kowane kwamiti a rubuta masa aikinsa a takarda da ranar da zai kawo rahoto, in ba haka ba suna ne kawai zai rage.

In aka zo zaɓe, na Din ne ko na wakilai, don Allah ka tsare mutuncinka. Ba ka da ƙuri'a kuma ba ka da ɗan takara, ko da ɗan garinku ne ya tsaya. Za a zo maka ta bayan fage a ce ɗan nuna mana jerin masu zaɓe mana, amsarka ɗaya ce, an liƙa a allo kowa ya gani. A ƙirga ƙuri'a a gaban kowa.

Sai minit, wato rubutaccen bayanin zama. Ba rigimar za ka rubuta ba, wane ya ɗaga murya wane ya buga tebur, abin da aka gabatar da abin da aka yanke da wanda zai aiwatar, shikenan. Rubuta shi cikin kwana biyu tun abin yana kanka, Din ya duba, a zama na gaba a amince ya sa hannu, ka tsamo abin da ya shafi sanat ka miƙa wa ofishin magatakarda kafin su rufe karɓar takardu. Fayil ɗin nan masu tantance kwasa-kwasai na NUC suna neman sa idan sun zo, saboda haka ka yi kwafi biyu ka kuma ɗauka a kwamfuta, na takardar ka sa shi a saman kabad nesa da ƙasa, ruwan Yuni da Yuli a garin nan yana shiga ofis.