Yadda nake yi da farin soson bangon gini a wurin rusau

Ni ɗan gwangwan ne a Agege. Da yawa daga cikin adon tagogi da kwalliyar gaban sababbin gidajen Legas ba siminti ba ne zalla, farin soso ne irin na cikin kwalin talabijin, aka lulluɓe shi da raga da filasta. Da katafila ta taɓa bango sai soson ya tarwatse kamar ƙanƙara.

Don haka nake riga katafila. Da wuƙa da cebur nake ɓamɓaro shi falle-falle, in kankare simintin, domin masu sake sarrafawa ba sa karɓar mai datti. In cusa a buhu nan take, in ɗaure baki, kafin iska ta kai shi kwata. In ya toshe magudana da damina, kai ma ka san sauran.

Kada ka ƙona. Na taɓa gwadawa, baƙin hayaƙin ya bar ni da tari har kwana uku. Kada ka ajiye shi kusa da fetur, narkewa yake.

Ciniki kuwa sai haƙuri: kusan kashi 98 cikin 100 iska ce, amalanke cike ba ta nauyin komai a sikeli. Wanda siminti ya cinye, masu kwasar sharan LAWMA, hukumar shara ta Legas, nake ba.