Yadda Ake Rage Kaya Idan Za a Koma Ƙaramin Gida

A Zariya hanyoyin da ke kai mutum ƙaramin gida suna da yawa. Ma'aikacin Jami'ar Ahmadu Bello ya yi ritaya, zai miƙa mukullin kwatas a Samaru ko Kongo. An raba gidan gado a cikin Birni, uwargidan da ta saba da sashe guda da sito da rumfa yanzu ɗaki biyu ne rabonta. Wani kuɗin haya ne ya taso shi daga Hanwa zuwa ciki da falo a Gyallesu. Ko ta ina abin ya biyo, kayan shekara 30 ba za su shiga ɗaki biyu ba. Wanda ya bari sai mota ta tsaya a ƙofar gida sannan ya fara zaɓe, zai kwashi tarkace ya bar abin da zai yi ta nema daga baya.

Ku ba kanku mako 6 zuwa 8. Idan kuna da zaɓin lokaci, ku guji tsakiyar damina, musamman Agusta. Katifa da littattafai idan ruwa ya taɓa su a bayan buɗaɗɗiyar mota, fumfuna ce za ta biyo baya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kawai za ku yi fama da ita, ita kuwa tsumma ke maganinta.

Awo kafin komai

Kada ku taɓa ko cokali sai kun je sabon gidan da tef ɗin awo da alli da takarda. Ku auna tsawo da faɗin kowane ɗaki, faɗin kowace ƙofa, da inda taga da soket suke. Yawancin ɗakunan haya ƙafa 12 ne sau 12, wasu 10 sau 12. Gado shida da shida shi kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaki mai 12 sau 12, tun ba a sa sif da madubi ba. Ku zana gurbin gadon da na sif ɗin a ƙasa da alli, sannan ku gwada wucewa tsakaninsu. Ku bar aƙalla ƙafa 2 na hanya, kuma ku bar wurin shimfiɗa dadduma a fuskar alƙibla. Wannan wurin sallar shi aka fi mantawa, sai an jera kaya a ga babu inda za a yi sujada.

Ƙofar ɗaki ba ta cika wuce ƙafa 3 ba. A tsofaffin gidajen Birni, wajen Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan, ga lungun da mota ba ta shiga, ga zaure mai kwana. Kujera mai zaman mutum uku tana iya wuce ƙofar waje ta maƙale a kwanar zaure. Saitin kujeru mai zaman mutum 7 ba ya zama a falo mai 12 sau 12 sai an toshe ƙofa ko taga. Ku ɗauki mai zaman uku da guda ɗaya, ko ku sayar da saitin gaba ɗaya, domin saitin da aka raba ba ya yin kuɗi. Sif ɗin da aka yi da allon garin katako ba ya jure kwancewa da ɗaurawa, ramin kusoshinsa kan buɗe ya riƙa lilo. Na katako na gaske shi ya cancanci a kira masa kafinta.

Kowane kaya yana da mai shi

A nan ne ake samun ɓacin ran da ke daɗewa, don haka kada ku yi gaggawa. Kayan ɗakin mace nata ne: gado, kabad, jeren kwanuka, keken ɗinki, duk abin da iyayenta suka kawo ta da shi ko ta saya da kuɗinta. Maigida ba ya sayarwa ko kyautar da su don wai wuri ya yi kaɗan, sai da yardarta. Idan mata biyu ne ko fiye, kowacce ta zauna da nata kayan ita kaɗai, kada a tara su a tsakar gida a ce a zaɓa.

Kayan mamaci kuwa, muddin ba a raba gado ba, na magada ne duka, har tsohuwar babbar riga da rediyon da ya daina aiki. Babban ɗa ba shi da ikon ya ce ya yi sadaka da su don ladan ya kai ga mahaifinsu, sai kowane magaji ya amince. Idan akwai maraya ƙarami a ciki, rabonsa ba a yin kyauta da shi ko kaɗan. Ku rubuta kayan ɗaya bayan ɗaya, a yi musu kuɗi, a kira malamin da ya san rabon gado ko a je kotun shari'a. Idan lokacin tashi ya matso ba a gama ba, a kulle su a ɗaki ɗaya a gidan wani amintacce, kowa ya riƙe kwafin jerin.

Dattijon da ke raba nasa kayan da ransa ya san abu biyu. Na farko, kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya tafi da ita. Cewa "wannan akwatin na Hajara ne" alhali yana nan ƙarƙashin gado, rigima ce aka ajiye wa yara. Na biyu, a yi adalci tsakanin 'ya'ya, kamar yadda hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya koyar. Kada kuma ku manta da ajiyar mutane da kayan aro: babbar tukunyar biki ta maƙwabta, akwatin ɗalibin da ya gama karatu ya ce zai dawo, littafin abokin aiki. Ku kira masu su tun makon farko, ku sa musu rana.

Daga ina za a fara

Ku fara da inda zuciya ba ta da ruwa: sito, bayan gida, saman sif, garejin mota. Ɗaki ɗaya a rana, awa 2 ko 3, da safe kafin rana ta yi zafi. Ku tanadi kwalaye, buhuna, igiya, salatif da maka, ku ware kusurwa huɗu: na tafiya, na bayarwa, na sayarwa, na zubarwa. Kusurwa ta biyar, wato "a bari tukuna", ita ke kashe aikin. Idan dole ne, kwali ɗaya tak za a ba ta.

A kicin ku ƙidaya bakin da za su ci abinci a sabon gidan, ba waɗanda suka ci a tsohon ba. Gidan mutum huɗu tukwane 4 ko 5 sun ishe shi, da kula biyu, da faranti dozin ɗaya. Turmi ɗaya ya isa, idan ma akwai tsakar gidan da za a yi daka, domin mai gidan da ya sa tayil ba zai yarda ba. Manyan tukwanen suna da biki a ba 'yar da ke da fili, duk mai buƙata ya aro a wurinta. Buhun masara ko wake a buɗe a duba, idan ƙwari sun shiga kada ku kai su sabon gida. Magungunan da kwanansu ya wuce ba abin bayarwa ba ne. Awaki da kaji kuwa, ku tambayi mai gidan tun kafin ku biya haya.

Takardu

Ku samo jaka ɗaya mai zif wadda ruwa ba ya shiga. A ciki za a sa takardun gida da na fili, shaidar ciniki, takardun fansho da na kama aiki, sakamakon makaranta, takardun haihuwa da na aure, katin asibiti. Ku ɗauki hoton kowacce da waya, ku tura wa mutum biyu a cikin iyali. Kada ku kai takardar asali a manne ta da leda, zafin injin yana ɓata hatimi, kuma akwai ofisoshin da ba sa karɓar wadda aka manne. Kwafin ake mannewa. Wannan jakar ba ta hawa motar kaya, a hannunku take tafiya tare da gwal da kuɗi.

Duk takardar da ke ɗauke da lambar asusun banki, BVN, NIN ko sa hannu, ƙona ta ake yi. Kada ta shiga cikin tarin da za a ba mai ƙosai ko mai tsire. Tsofaffin wayoyi a cire musu layi da katin ajiya, a goge komai kafin su bar hannunku.

Abin da ke da wuyar rabuwa

Wannan a bar shi sai mako na huɗu, lokacin da hannu ya saba. Uwa mai jeren langa da kumbo da tasa tun na aurenta ba kwano take gani ba, mahaifiyarta take gani da ranar da aka yi mata jere. Kada yara su tsaya a kanta suna cewa tsohon yayi ne. A zauna da ita ta zaɓi ɗaya ko biyu daga kowane iri, waɗanda za su cika kanta ɗaya a sabon ɗaki, sauran ta raba wa 'ya'ya da jikoki da hannunta, tana faɗin wanda ya kawo kowanne. Wani ya kunna waya ya naɗi muryarta. Kwanon da aka san tarihinsa ana riƙe shi, wanda ba a sani ba shekara biyu ya koma na ba kaji ruwa. Kafin a sauke jeren, a ɗauki hotonsa yadda yake.

Tufafi ma haka. Babbar rigar aikin hannu, alkyabba, tsohon saƙi, zanen da aka yi goyon ɗan fari, a zaɓi abin da akwati ɗaya zai ɗauka. A shanya su su bushe ƙarau, a ninke da kafur a ƙulle cikin ɗan tsumma saboda asu. Kada a ɗaure su a leda da sauran danshi. Atamfofi da leshin da ba a ɗinka ba kuɗi ne, a sa su cikin lefe ko kayan ɗakin wata a dangi. Hotuna kuwa, waɗanda suka manne da juna kada a ɓamɓare su da ƙarfi, fuskar ce ke tashi. A rubuta sunaye da shekara a bayan kowanne da fensir, domin tawadar biro tana ratsawa, kuma a yi haka yayin da mai gane fuskokin yake raye. Kaset ɗin biki ko na karatu a kai a juye shi zuwa waya ko kwamfuta, zarensa lalacewa yake yi ko ba a kunna shi.

Zariya gari ne na malamai, gidaje da yawa suna da gafaka ko adaka cike da littattafan rubutun hannu, na Larabci da na ajami. Waɗannan ba tarkace ba ne. Warwarorinsu ba a ɗinke suke ba, kuma sau da yawa babu lambar shafi, sai kalmar da marubuci ya sa a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba. Idan yaro ya watsa su, haɗawa sai masani. Kada a liƙa musu salatif. A bar su yadda suke, a naɗe da farin ƙyalle. Idan babu mai karanta su a zuriya, a nemi malami a unguwa, ko a tuntuɓi Sashen Tarihi na jami'a a Samaru, inda ake adana irin waɗannan rubuce-rubuce. Tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a garin nan a 1939, su ma a tambayi ɗakin karatu kafin a zubar. Alƙur'ani mai kyau a kai masallaci ko makarantar allo. Wanda ya yage har ba ya karantuwa a binne shi a wuri mai tsarki da ba a takawa, ko a ƙona shi da girmamawa a binne tokar.

Sayarwa

Kayan mata sun fi tafiya a hannun dillaliya. A yanka kuɗin kowane abu da la'adarta tun kafin ta fita, a rubuta, kuma kada a yarda da bashi, domin wanda ya bar unguwa bin bashi yana yi masa wuya. Katifa, fanka, risho, bokiti da teburin karatu suna da kasuwa wajen ɗalibai a Samaru da Kongo farkon zangon karatu. Idan kun sa hoto a WhatsApp, ku faɗi aibin kayan, kuma kada kaya ya fita sai kun ga kuɗin a asusunku, ba a saƙon da mai saye ya nuna ba.

'Yan gwangwan a kira su a ƙarshe. Ku ware ƙarafan da kanku da maganaɗisu: baƙin ƙarfe yana kamawa, alminiyam da tagulla ba sa kamawa, kuma kuɗin kilonsu ya fi nasa nesa ba kusa ba. Idan aka haɗa su a buhu ɗaya, da farashin baƙin ƙarfe za a saya. A auna a gabanku. Tsohuwar tasar tagulla mai zane kada ta hau sikeli, darajarta ta wuce nauyinta. Mataccen batirin sola shi ma ana saye, amma kada a bari yara su fasa shi, akwai dalma da ruwan batir mai ƙuna a ciki. Gwal a auna shi a shago biyu kafin a sallama.

Ranar tashi

A kashe firji kwana ɗaya kafin ranar, ƙanƙara ta narke. A ɗauke shi a tsaye, idan an sauke a bar shi awa 4 zuwa 6 kafin a jona, don man injinsa ya koma mazauninsa. A tsiyaye fetur daga janareta. Tukunyar gas a cire mata tiyo, a rufe, ta tafi a tsaye. Kusoshin gado a zuba a leda a ɗaure a jikin gadon. Littattafai a ƙananan kwalaye, babban kwali idan ya cika da su gindinsa ke ɓallewa. A rubuta abin da ke cikin kowane kwali a gefe, ba a sama ba, domin idan an ɗora wani a kai rubutun ya ɓuya. A yi ciniki da mai a-kori-kura da 'yan dako a kan sawu nawa ne, da ko lungun zai buƙaci amalanke. A biya bashin wuta da na ruwa, a ɗauki hoton mita, a miƙa mukulli gaban shaida.

A sabon gidan, duk kwalin da ba za a buɗe nan kusa ba a ɗora shi kan bulo biyu da katako, a janye shi taƙi ɗaya daga bango. Gara tana bin jikin bango da ƙasan siminti, kwali kuwa abincinta ne. Da ruwan farko ya sauka a watan Afrilu ko Mayu, a ɗaga kowanne a duba ƙarƙashinsa.