Abinci a Butan: ka ajiye nama, ka kama barkono da cuku

Idan aiki ko karatu ya kai ka Butan, ƙaramar ƙasar nan da ke maƙale a tsaunukan Himalaya tsakanin Indiya da Sin, shawarata ta farko ita ce ka haƙura da nama. Yawancin mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne, ba sa son yanka dabba, saboda haka akasarin naman da ke kasuwa daga Indiya ake shigo da shi, kuma ba ka san wanda ya yanka ba. Naman alade kuma ya yi yawa a girkinsu. A wata na 1 da na 4 na kalandarsu ma hana sayar da nama ake yi gaba ɗaya.

Ba za ka ji yunwa ba. Abincin da ƙasar ke taƙama da shi, ema datshi, babu nama a ciki: barkono ne zalla aka dafa da cuku da man shanu, a ci da jar shinkafar da ake nomawa a kwarin Paro. Mu muna sa barkono a miya ne don ɗanɗano, su kuwa shi ne ganyen miyar. Ko ka saba da yajin tsire, ka fara da kaɗan, don ranar farko sai ka yi hawaye. Kewa datshi, na dankalin Turawa, ya fi sauƙi a baki, da shi zan so ka fara. Akwai kuma shamu datshi na laimar kwaɗi.

Kalma guda za ka haddace a yarensu na Dzongkha: sha, wato nama. Phaksha naman alade ne, sikam busasshensa, shakam kuma busasshen naman shanu. Kada ganin ganye a kwano ya ruɗe ka, wani lokaci ana jefa gutsuren busasshen nama ko kitse a ciki. Ka tambaya kowane lokaci, ba abin kunya ba ne. Haka momo, ƙullin fulawar da ake turarawa, ka ce na kabeji ko na cuku kake so. Idan cikinka ya gaji da cuku, nemi shinkafa da dal, wata miyar wake ta mutanen kudancin ƙasar.

A gidan mutane za a miƙo maka suja, shayin man shanu mai gishiri. Ka ɗauke shi kamar romo, sai ya yi maka daɗi, balle a sanyin Timfu, babban birnin ƙasar. Amma ara giya ce. Idan an miƙo maka ita, ka rufe baki da hannu ka ce meshu meshu, haka ake ƙin karɓa cikin ladabi. A al'adarsu baƙo kan ƙi sau ɗaya ko biyu kafin ya karɓa, don haka za su sake miƙowa, sai ka faɗa musu a fili cewa addininka ne ya hana.