Kurakuran da kwamitin gasa ke yi wajen karɓar sabuwar ƙungiya

Da zarar an gama girbi, takardun neman shiga gasar ƙwallo sai su taru a gaban kwamiti: gurbi ɗaya, ƙauyuka huɗu na so. Duk shekara kuma sabbin 'yan kwamiti a yankinmu na Ringim abu ɗaya suke maimaitawa, wanda ya fi cika baki da kuɗi shi suke ba wa.

Wannan ya taɓa ƙona mu. Wani ɗan takara ya kawo ƙungiya da sabbin riguna, sunansa a baya, ya ce har raga zai saya. Aka ba shi gurbin, aka bar yaran da suka shekara suna atisaye a filin firamare. Zaɓe na wucewa wayarsa ta daina shiga. Wasanni suka rushe, alƙalan wasa suka biyo mu bashi har gida. Haba jama'a! Ƙungiyar da aljihun mutum ɗaya ke riƙe da ita, ranar da ya juya baya ta mutu.

Ko ƙasashen da zari-ruga ta zama sana'a sun ɗanɗana. Toronto Wolfpack ta Kanada ta shiga gasar Ingila a 2017 da kuɗin attajiri ɗaya, ta haura babban rukunin gasar, wato Super League, amma a 2020, lokacin korona, ta janye ana tsakiyar kakar wasa, 'yan wasa na bin albashi. A Ostareliya kuwa, da hukumar babbar gasar zari-ruga ta ƙasar, NRL, ta tashi ƙara ƙungiya ta 17 a 2021, ƙungiyar Dolphins ta zaɓa a kan Firehawks da Jets da su ma suka nema, domin tun 1947 kulob ɗin yake a garin Redcliffe, da filinsa da kadarorinsa da yaran da yake renowa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ni yanzu ba na sa hannu sai na ga littafin karo-karon ƙungiya da idona, na ji daga bakin dagaci cewa filin nasu ne.

Sai kuɗin mota, wanda kowa ke mantawa. Western Reds ta birnin Perth mai nisa a yammacin Ostareliya ta shiga gasa a 1995 da sharaɗin biyan kuɗin jirgin baƙinta, 1997 na ƙarewa ta rufe. Ku tambayi mai nema: wa zai biya a-kori-kurar da za ta ɗebo yara zuwa ƙauyenku? In ya fara kame-kame, ku ajiye takardarsa.

Ku leƙa filin da damina, wani fadama ce. Ɗan kwamitin da garinsu ke nema ya fita waje a yi ƙuri'a. Kuma in adadin ƙungiyoyi zai zama mara, ku gyara jadawali tun kafin sanarwa, don kowane mako ɗaya za ta zauna ba wasa.