Darasi na Bakwai: Nawa Zan Zuba a Hannun Jari?

Duk wanda ya taɓa sayen wake da kaka a Tudun Hatsi, ya ajiye zuwa bazara, ya riga ya san rabin darasin nan. Ba ya juye duk kuɗinsa a buhu. Yakan ware na cefane, da na makarantar yara, da na asibiti, sannan ya dubi kasuwa ya yanke buhu nawa zai ɗauka. To, haka hannun jari yake. Kafin ka tambayi wane kamfani za ka saya, tambayi kanka nawa za ka zuba.

Hannun jari ɗan yanki ne na mallakar kamfani. Ana cinikinsa a kasuwar NGX ta Legas, wadda ta fara aiki a 1961, kuma ta hannun dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, ake saye. Abin ba baƙo ba ne a Gombe, domin simintin Ashaka ya daɗe a wannan kasuwa kafin a cire shi a 2017.

Mai sayen saniyar tatsa nono yake tambaya, ba tsawon ƙaho ba. Nonon kamfani shi ne ribarsa. Kamfanonin da ke kasuwar suna fitar da rahoton riba duk wata uku. Ka sa dillalinka ya nuna maka na shekara uku baya, ka ga ko tana hawa ko tana sauka. Amma a kula: a 2024 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100, saboda haka kamfanin da ribarsa ta ƙaru da kashi 10 a shekarar, baya ya ci. Girman suna ma ba ya hana asara. Da darajar naira ta faɗi a 2023, MTN Nigeria da Nestlé Nigeria duk asara suka bayyana, saboda nauyin da ke kansu na dala.

Saniya mai nono ma ana iya sayenta da tsada. Ɗauki fensir mu yi lissafi. Hannu ɗaya naira 60 ne, ribar da ya samar a shekara naira 10. Raba 60 da 10, ka sami 6: shekara shida ke nan kafin riba ta kai kuɗin da ka biya. In farashin ya hau zuwa naira 200 alhali riba tana nan a 10, shekara ashirin za ka jira. Kamfanin bai canza ba, kai ne ka biya da yawa. A ganina wannan lissafi da na riba su ne ginshiƙi, sauran biyun da ke tafe taimako kawai suke yi.

Sai zuciyar kasuwa. Ka tuna farashin rago ana jajibirin layya, da farashinsa bayan Sallah da mako guda. Rago ɗaya ne, ɗokin mutane ne ya bambanta. A 2007 bankuna har bashi suke ba mutane su sayi hannun jari, kowa na ganin ba a faɗuwa. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jari gaba ɗaya, ya wuce 66,000. Kafin shekarar ta ƙare ya dawo ƙasa da 32,000, masu bashi suka rasa uwar kuɗi, ga biya na jiransu. Idan ka ji a majalisa da tashar mota kowa na zancen wani kamfani, lokacin rage hannu ne, ba na ƙarawa ba.

Na ƙarshe shi ne sawun farashi. Dillalai kan haɗa farashin kwana 200 su fitar da matsakaici. In farashin yau yana samansa, sukan ce kasuwa na hawa. Sawu yana nuna inda aka bi ne, ba inda za a kwana ba, don haka kada ka saya saboda shi kaɗai.

A ce wata mai ɗinki a Pantami ta tara naira 500,000, ta ga 100,000 ce za ta iya mantawa da ita shekara biyar. Wannan ce iyakarta, ko kasuwa ta yi daɗi. In riba na hawa, farashi da sauƙi, sai ta zuba a kashi huɗu, wata-wata. In riba ta tsaya, farashi ya yi sama, jama'a na rububi, ta zuba 25,000 ko ta jira. In tana gudun riba ta ruwa da kasuwancin giya, ta ce wa dillali ya nuna mata kamfanonin da ke jerin NGX Lotus Islamic.

Aikin gida: hannu ɗaya naira 90, ribarsa naira 15. Wani kuma naira 40, ribarsa naira 2. Wanne ya fi tsada? Rubuta lissafinka, ka zo da shi darasi mai zuwa.