Yadda ake gano dalilin taurin sitiyari kafin a taɓa famfo

Yawancin sababbin hannu, da zarar sitiyari ya yi tauri sai su ɗora wa famfon man sitiyari laifi. A sayo wani a ɗaura, a tayar da mota, tauri na nan daram. Famfo shi ne na ƙarshe da za ka zarga, don haka bi wannan tsari.

Fara da iskar tayun gaba, ka auna da geji tun ba su yi zafi ba. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ƙananan motoci galibi tsakanin PSI 30 zuwa 35 ne. Tayar da ta sauka zuwa 20 kaɗai ta isa ta sa sitiyari nauyi wajen fakin.

Daga nan buɗe bonet ka duba tankin man sitiyari. Jikin tankin ko sandar marfinsa na da layi biyu, na sanyi da na zafi. In man ya yi ƙasa, to akwai yoyo, domin wannan mai ba ƙonewa yake yi ba. Shafa tiyon matsi da na dawowa, sannan ka matsa robobin da ke gefe biyu na rak, wato ƙarfen da ke karkata tayun gaba. In ka ji sun cika da mai, sil ɗin rak, robar da ke hana mai yoyo, ya mutu. Kada ka zuba duk man da ka samu. Tsofaffin Toyota da yawa man giya na Dexron suke sha, Honda na da nata na musamman, motocin Jamus da dama kuma koren man nan ne, CHF 11S. Haɗa su na iya lalata sil, arhar ta koma tsada. Abin da ke rubuce a marfi ko littafin motar shi ne hukunci.

Bel ɗin da ke juya famfo kuma, danna tsakiyarsa da babban yatsa, injin a kashe. In ya lotsa fiye da santimita 1, ko cikinsa ya yi sheƙi, ko yana ƙara idan ka karya sitiyari, zamewa yake yi.

Yanzu ga matakin da ake tsallakewa, alhali shi ke raba gardama. Ja birkin hannu, tokare tayun baya, ɗaga gaban motar har tayu biyu su bar ƙasa, ka ɗora ta a kan tsayayyun ƙarafa. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Murɗa makulli don sitiyari ya saki, amma kada ka tayar da injin. Juya shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali. Tunda babu nauyi a kan tayu, kamata ya yi ya tafi sumul ko da hannu ɗaya. In ya tafi haka, ƙarafan ƙasa lafiyarsu ƙalau, matsalar tana wajen mai, bel ko famfo. In kuwa har yanzu yana cijewa, cire famfo daga lissafi gaba ɗaya, domin bai ma fara aiki ba.

Lura da irin cijewar. Idan yana kamawa yana saki, yana kamawa yana saki a wurare iri ɗaya a kowane zagaye, kuros ɗin sandar sitiyari ne ya yi tsatsa, wanda ke haɗa sandar da rak. Fesa masa man warware tsatsa ka sake juyawa. In ya yi laushi ka kama mai laifi, sai dai feshin na 'yan makonni ne, canji shi ne magani. Idan taurin iri ɗaya ne ko'ina, kwance kan tayarod, sandar da ke haɗa rak da taya, na ɓangarorin biyu, ka kama kowace taya ka karkata ta hagu da dama. Wadda ta ƙi motsi, boljoyin ɗinta, gaɓar da tayar ke juyawa a kai, ya bushe ko boris ɗin saman shokozoba ya kama. In dukkansu sun juya cikin sauƙi amma sitiyari bai saki ba, saura rak ko sandar kanta. Kada ka bar sitiyari ya yi ta wulwulawa yayin da kuros ke kwance, wayar jakar iska da ke cikinsa za ta tsinke.

In gwajin ya nuna ɓangaren mai ne, duba ko yana kumfa. Kumfa da gurnani alamar iska ce a ciki, kuma galibi ta tiyon da ke kai mai famfo take shiga. Ɗaure shi ko ka canza. Man da ya yi baƙi yana warin ƙuna, zuƙe shi da sirinji, ka wanke ragar da ke ƙasan tankin, wadda toshewarta kan sa a jefar da famfo mai lafiya. Cika sabo, gaba a ɗage, injin a kashe, ka juya ƙarshe zuwa ƙarshe sau 20 kana ƙarawa. Sannan tayar ka maimaita. Kada ka danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa 5.

Bayan duk wannan, in yana da nauyi a silo amma ya yi sauƙi da ka ba da wuta, to famfon ne.

Motar da ba ta da tankin mai kwata-kwata, sitiyarinta na lantarki ne. Auna batir: wajen 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 injin na aiki. Duba fis da kan batir, sauran kuma sai an jona na'urar karanta lambar matsala. Duk wanda ya canza tayarod ko rak, ya wuce wajen saita tayu kafin doguwar tafiya.