Yadda ake shirya 'yan makaranta su shiga gasar mutum-mutumi

Yawancin ƙungiyoyin da ke zuwa gasar mutum-mutumi karon farko ba rashin basira ke kayar da su ba. Yara sun haɗa na'ura mai kyau, ta yi aiki a ɗakin kwamfuta har shugaban makaranta ya zo ya tafa, amma ranar gasa ta bar layi tun a daƙiƙa goma na farko, ta doki bango, yaran suka tsaya suna kallon malaminsu. Na ga haka sau da yawa, kuma dalilin kusan ɗaya ne: sun koya wa na'urar yin abu, ba su koya mata maimaita shi ba. A kan wannan zan fi daɗewa.

Zan ɗauki gasar FIRST LEGO League, rukunin Challenge, domin ita ta fi sauƙin farawa. An fara ta a 1998, haɗin gwiwar kamfanin LEGO da ƙungiyar FIRST wadda Dean Kamen ya kafa a Amurka a 1989. A Najeriya gidauniyar Coderina ce ke shirya ta. Akwai wasu, kamar World Robot Olympiad da aka fara a 2004, da FIRST Global da aka fara a Washington a 2017, amma ku bar su sai kun yi shekara guda a wannan.

Fara da mutane, ba da kaya ba

Doka ta yarda da yara 2 zuwa 10, 'yan shekara 9 zuwa 16, da manya biyu masu horarwa. Ni ba na wuce shida. In sun kai goma, huɗu za su yi aiki, sauran su zauna suna wasa da ɓangarorin LEGO har su ɓatar da su. Ɗauko daga JSS1, JSS2 da SS1. 'Yan aji uku suna da jarrabawa a gabansu, iyayensu za su janye su a daidai lokacin da ka fi bukatarsu.

Kada ka je wurin malamin lissafi ka ce ya ba ka na ɗaya zuwa na shida a aji. Buɗe ƙofa mako biyu ga duk mai so, ka lura da wanda ke dawowa, da wanda ke tsayawa tattara kaya bayan an tashi. Yarinyar da ke da haƙurin rubuta sakamako a littafi ta fi maka amfani a kan haziƙin da ke gajiya bayan gwaji biyu. In akwai mata a ƙungiyar, ɗaya daga cikin masu horarwa ta zama malama, kuma a je a gana da iyaye tun farkon zango, a gaya musu akwai tafiya. Kada a bari sai saura kwana uku a aika takardar neman izini.

Kaya da teburi

Akwatin SPIKE Prime ɗaya, wato kayan haɗa mutum-mutumi na kamfanin LEGO, da ƙaramin akwatin ƙari, da kwamfuta ɗaya, sun isa. Kamfanin ya daina yin tsohon samfurinsa mai suna Mindstorms a ƙarshen 2022, amma in makarantarku na da tsohon akwatin Mindstorms EV3 a sito, a duba dokokin kakar, a kakkaɓe shi a yi aiki da shi. Da dala ake sayen waɗannan kaya, don haka kada a ɓarnatar da kuɗi kan akwati na biyu alhali ba a ware na mota da masauki ba. Ƙungiyar iyaye da malamai da ta tsofaffin ɗalibai sun fi saurin buɗe aljihu idan aka kai musu takarda ɗaya mai lissafi a fili, kuma yaran da kansu suka nuna musu na'urar tana tafiya.

Teburin kuwa kafinta zai yi shi da falle ɗaya na katako mai ƙafa 8 da 4, a kewaye shi da bango. Cikinsa ya zama kusan mita 2.36 da 1.14. Tsaya a kansa ranar da yake bugawa, ka auna da kanka. Shimfiɗa tabarmar gasa, wato shimfiɗar da aka zana filin wasa a kanta, a daɓen siminti ba ya maye gurbin teburi, domin bangon nan kayan aiki ne, kamar yadda za ka gani.

A watan Agusta ake fitar da ƙalubalen shekara, makarantu kuma sai Satumba suke komawa, wato kun fara da giɓin wata guda. Makon farko a zauna a karanta littafin dokoki da ƙarfi, layi bayan layi, kowa da fensir a hannu.

Zaɓen ayyuka

Wasan minti biyu da rabi ne, daƙiƙa 150, kuma ayyukan da ke kan tabarmar sun fi goma. Sabuwar ƙungiya ba za ta yi su duka ba, kada ma ta gwada. Yara su rubuta kowane aiki da makinsa da nisansa daga wurin tashi, su zaɓi huɗu ko biyar mafi kusa, waɗanda turawa ko ja kawai suke bukata. Duk aikin da ke bukatar ɗaga abu a rataye shi a wata ƙaramar ƙugiya, a bar wa baɗi.

Akwai kuma makin da ake samu a sauƙaƙe. A kakunan baya-bayan nan ana ba kowace ƙungiya alamomi shida da darajarsu ta kai maki 50, ana ɗauke ɗaya duk lokacin da yaro ya taɓa na'urar a wajen gida, wato yankin teburin da take tashi ta dawo. Akwai ƙarin maki 20 idan duk kayanku sun shige wuri ɗaya na dubawa. Ƙaramar na'ura da hannun da ya san haƙuri sun ba ku maki 70 kafin a yi wani abin kirki.

Maimaitawa: a nan ake cin gasa

Ga lissafin da nake sa kowace ƙungiya ta yi a allo. A ce fita ɗaya, wato tashin na'urar daga gida ta yi ayyuka ta dawo, tana da matakai biyar, kowanne yana yin daidai sau tara cikin goma. Yara za su ce ai mun gama. Ninka 0.9 sau biyar, za ka samu 0.59. Wato sau huɗu cikin goma fitar za ta lalace. Ga na biyu: idan na'urar ta karkace da digiri 2 kacal a wurin tashi, bayan tafiyar mita ɗaya ta kauce da santimita 3.5. Wannan ya isa hannunta ya wuce abin da zai tura.

To, daga ina karkatar take zuwa?

Na farko daga hannun yaron da ke ajiye ta. Ido ba ya ajiye abu wuri ɗaya sau biyu, balle ana ihu a zaure, agogo na tafiya. A haɗa madogara da ɓangarorin LEGO, wani firam da zai jingina da bangon teburi, na'urar kuma ta jingina da shi. A tura ta har ta zauna, a janye madogarar, a danna. Kowace fita da tata madogarar, ko da alamarta mai launi.

Na biyu daga taya. Ƙaramar tayar SPIKE faɗinta milimita 56 ne, juyi ɗaya kusan santimita 17.6, don haka santimita 70 juyi huɗu ne. Wannan lissafi yana aiki ne muddin tayar ba ta zame ba. A ƙasarmu kuwa shirin gasa yana faɗawa tsakiyar hunturu. Shafa yatsa a tabarmar da aka bari a buɗe daren jiya, za ka ga layin da yatsan ya bari a cikin ƙura. Wannan ƙurar ce ke sa na'urar da ta yi daidai ranar Litinin ta gaza ranar Laraba, yara su shiga canza lambobin da ba su da laifi. Doka ce a wurina: a goge tayoyi da ɗanyen tsumma kafin kowane gwaji, a goge tabarma, a rufe teburi da zani in an tashi. Kuma a rage gudu. Tashi da ƙarfi shi ke sa taya ta yi juyin banza. Rabin gudu ya wadatar.

Na uku daga batir. Cikakken batir da wanda ya yi rabi ba sa jan inji iri ɗaya. A riƙa gwaji da caji mai yawa, irin wanda za a shiga gasa da shi. Tunda wuta ba ta da tabbas, a tanadi power bank, a ɗora wa yaro ɗaya alhakin caji, a rubuta sunansa a bango.

Na huɗu daga juyawa. Kada a ce wa na'ura ta juya na daƙiƙa kaza. Ƙwaƙwalwar SPIKE tana da abin gane juyi a cikinta. A mayar da shi sifili a farkon kowace fita, na'urar tana tsaye cik ba a taɓa ta, sannan a umarce ta ta juya har ta kai digirin da ake so, tana rage gudu in ta kusa. Bayan juyi biyu ko uku, a sa ta ja da baya a hankali ta manna bayanta da bango. Bangon zai miƙar da ita, kuskuren da ya taru ya goge. Baƙaƙen layukan tabarma ma haka: na'urar gane launi ta same su, ta san inda take. Sai dai hasken ajinku ba shi ne na zauren gasa ba, don haka a sa ta kusa da tabarma, a kewaye ta da ɓangarori su yi mata inuwa.

Sai littafi. Kowace fita a yi ta sau goma a jere ba tare da an taɓa umarnin ba, a rubuta ta yi ko ba ta yi ba, da inda ta kauce. In ba ta kai tara ba, ba a ƙara sabon aiki. In za a gyara, abu ɗaya ake canzawa, a sake goma. Yara za su ƙosa, su ce Malam ai ta yi. Kada ka sassauta, kuma kada ka karɓi kwamfutar ka gyara musu. Tambaye su: me ya bambanta gwaji na uku da na huɗu? Ka yi shiru har su gano.

Mako biyu kafin gasa a kulle komai, ba sabon hannu, ba sabon umarni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya rage shi ne atisayen sauya hannuwan na'ura da agogo a gaba, domin daƙiƙa 20 da aka ɓata ana laluben fil aiki guda ne ya tafi.

Sauran kashi uku

Wasan teburi kashi ɗaya ne cikin huɗu na sakamako. Akwai aikin ƙirƙira, da bayanin yadda aka ƙera na'ura, da ɗabi'un ƙungiya, kowanne da nauyi daidai. Don aikin ƙirƙira, a ɗauki matsala ta kusa da ta dace da jigon shekara, a kai yara wurin mai sana'ar su yi masa tambayoyi, su yi samfuri ko da kwali ne. Gabatarwar minti biyar ce, kowa ya yi magana. Littafin gwajin nan shi za a buɗe wa alƙalai a bayanin na'ura, ba sai an ƙirƙiro komai ba.

Ranar gasa a isa da wuri, da caja, da tsumma, da kwafin umarni a filashi, da ruwa da abincin yara. Wasa uku ake yi a hukumance, mafi yawan maki ake ɗauka, don haka in na farko ya lalace a goge taya, a duba madogara, kada a buɗe kwamfuta. Da an dawo gida a ƙirga ɓangarori a mayar akwati, a sa 'yan bana su zaɓo ƙannen da za su koya wa a zango na uku.